Kawu, Mai Cewa Ruwan Gonarmu Daga Teku Yake

Mazan da suka dawo daga maƙabarta sun ce sai da aka tsiyaya wa ƙasar ruwa kafin diga ta ci ta. Tsakiyar bazara ce, kuma cikin azumi. Ni ina tare da mata a ɗan gidan hayar da Kawu ya ƙare kwanakinsa a garin Ƙanƙara, muna zaune a inuwar katanga, duk inda ta matsa mu matsa.

Inna, mahaifiyata, ita ce ƙanwar da ke bi masa. Ba ta yi kuka ba a ranar. Fararen rigunansa biyu ta ɗauko daga kan igiya ta ninke, ta warware, ta sake ninkewa. Duk wadda ta shigo ta ce mata, "Ya haƙuri?" sai ta amsa, "Da godiya," ba tare da ta ɗago ba. Matar Kawu ce mai magana. Ta riƙa gaya wa kowa cewa tun da aka kawo ta gidansa ba ta taɓa ganin ya fito daga ɗaki bai ɗaga kai ya dubi sama ba, ko da kuwa bayan gida zai zaga.

Washegari wani tsoho ya zo daga Ketare. Muryarsa babba ce, har cikin gida muna jin sa daga zaure. Bayan an shafa addu'a sai ya ce, "To, jama'a, Mai Teku ya tafi. Bana wa za mu tambaya lokacin shuka?"

Wani ya ce, "Ai ya daɗe da daina faɗi, Malam."

Tsohon ya ce, "Na sani. Amma ko shirun ya yi, in ka dubi fuskarshi ka samu rabin amsa."

Da hantsi kuma wata tsohuwar Bafulatana ta shigo, ba wadda ta san ta a cikinmu. Ta zauna bakin ƙofa ta yi ta hawaye, sai da ta natsu ta ce wata shekara da rijiyoyi suka ja baya, gari kaf an hana su shayar da shanu, shi kaɗai ya buɗe musu rijiyar lambunsa har albasarsa ta ƙone. Matar Kawu ta riƙe baki. Ta ce, "Ashe abin da ya kashe albasar nan ke nan. Ni kuwa ce mani ya yi iri ne ba shi da kyau."

Wannan ne ya sa na ɗauki biro. Jikokinsa ba su san shi ba sai a matsayin tsoho mai shiru a kan tabarma, kuma ina tsoron kada wannan ya zama shi ne abin da zai rage.

Da ƙuruciya Kawu ya tafi cin rani Ikko, ya shekara bakwai yana dako a wani ɗakin sanyi na kifi kusa da tashar jiragen ruwa. Ya kan ce abokan aikinsa sun sha yi masa dariya, wai ga mutumin Ƙanƙara ya zo ɗaukar ƙanƙara. Daga can ya dawo da yatsu biyu da ba su ƙara lanƙwasuwa ba, da kuma wata magana da ta bi shi har kabari. Cewa yake ruwan da ke sauka a gonakinmu daga teku yake tasowa, kuma rana ce ke ɗaga shi. Wani tsohon ma'aikacin jirgi ne ya gaya masa, shi kuma ya ce bai yarda ba sai da ya shekara yana kallon inda gajimare ke fitowa da inda iska ke kai shi.

A ƙauyenmu, can gefen Mabai, inda mafi yawan mutane babban ruwan da suka taɓa gani shi ne tafkin bayan gari, wannan magana abin dariya ce. Nan sunan Mai Teku ya samo asali, kuma da farko ba yabo ba ne.

Ina hutun makarantar horon malamai lokacin da maganar ta kai kunnen liman. Ya zo har ƙofar gida bayan la'asar, ya ce, "Alhaji, mutane na cewa kana ba rana aikin Ubangiji. Allah ke saukar da ruwa."

Kawu ya ce, "Allah ya gafarta Malam, tuwo ma Allah ke ba da shi, amma ban taɓa ganin ya sauko a tuƙe ba."

Bai tsaya nan ba. Ya shigo gida ya iske Inna ta ɗora ruwa, ya zuba masa gishiri cike da hannu, tana ta faɗa. Da ya tafasa ya ɗauki tukunyar ya kai wa liman, ya buɗe murfin ya nuna masa ɗigon da ya taru a ciki.

"Ɗanɗana wanga, Malam."

Liman ya ɗanɗana. "Ba gishiri."

"To, ga teku, ga rana, ga hadari. Ni dai abin da na gani ke nan. Wanda ya hura wutar kuwa, kai ka fi ni sanin sunayenshi."

Liman ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Inna kuwa ta yi kwana biyu tana mitar gishirinta.

Hanyarsa ta gane damina ba ta da wani asiri. In bazara ta yi tsanani ana ta kuka da zafi, shi murna yake. Ya kan ce, "Ku bar ta ta gasa ƙasa. Sai ƙasa ta yi zafi take jawo iskar teku." Kullum da safe zai fita bayan gari ya tsaya, ya lura da inda iska ke kaɗa gefen rigarsa. In daga gabas take, ko an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya zai ce baƙo ne, hanya ta biyo da shi. In ta juya ta fara zuwa daga kudu maso yamma, da ɗan laushi da ɗan nauyi, ta kwana biyar ba ta sauya ba, sai ya dawo gida ya ce a sauko da iri. Shekaru da yawa wanda ya bi maganarsa bai yi shuka biyu ba. Sannu a hankali masu dariya suka koma masu tambaya. Ranar kasuwar Yankara ba ya samun cinikin kirki, saboda masu tsayar da shi su ce, "Alhaji, ya ka ga sama?"

Yana da wasu ɗabi'u da muke tsokanarsa a kansu. Ba ya sa baƙin tufa, kuma ba ya bari a sa wa yaro. Ba ya shan ruwan ƙanƙara ko an ba shi kyauta; ya ce ya ɗauke ta a ka shekara bakwai, sun gama gaisawa. In ya ga an bar randa a rana, ko a gidan wa ne, sai ya shiga da sallama ya ce a matsar da ita.

Zan faɗi aibinsa, don shi ma bai ɓoye ba. Da ya ga ana jin maganarsa, sai ya fara jin daɗin a ji ta. Bakinsa kuma da kaifi.

Su biyu ne maza a ɗakinsu, shi da ƙaramin Kawu, autansu. Gandu ɗaya suke nomawa, rumbun iri ɗaya, kuma babban ne ke da ikon buɗe shi. Wata shekara aka yi ruwa mai ƙarfi da wuri, ƙasa ta jiƙe sosai. Ƙaramin Kawu ya same shi a majalisa bakin masallaci ya ce, "Yaya, a ba mu iri. Ƙasa ta sha."

Kawu ya ce iska ba ta juya ba.

"Yaya, na tona da hannuna. Har gwiwar hannu danshi ne."

Sai Kawu ya dubi jama'a ya ce, "Ku ji mani auta. Shi ko hayaƙin murhu ya gani a sama sai ya ɗauki sungumi."

Aka fashe da dariya. Ƙaramin Kawu kuwa mutum ne mai mata da 'ya'ya, har da furfura a gemu, ga ɗansa da surukinsa a wurin. Ya sa takalmansa ya tafi.

Ruwan bai ɗauke ba. Bayan kwana uku aka sake, aka kuma sake, iskar kuwa ba ta zauna wuri ɗaya ba, yau gabas gobe kudu. Kawu ya yi ta cewa a jira. Kusan rabin ƙauyen suka jira da shi. Kafin ya yarda a sauko da iri, masarar waɗanda ba su saurare shi ba ta kai gwiwa. Aka yi shuka a makare. Sai ga shi damina ta tattara kayanta tun dawa na shirin fitar da kai. Rana ta buɗe, irin buɗewar da ba a saba gani ba a wannan lokaci. Na je gonar gandu da kaina. Ganyen ya nannaɗe kamar an murza shi, in ka taɓa sai ya karye.

Ƙaramin Kawu ya sayar da shanun huɗarsa ya ciyar da iyalinsa. Bayan kaka ya ce a raba gandu. Aka raba, ya bar nasa kason a hannun wani, ya kwashe iyalinsa ya koma wajen surukansa a ƙasar Sabuwa. Bai yi wa yayansa sallama ba.

Kawu yana da tsohon rumbu na kansa, hatsin shekara biyu. Ya buɗe shi. Shi da kansa ya riƙa ɗaukar dami a ka yana bi gida gida, duk gidan da ya san maganarsa ce ta hana su shuka. In ya ajiye sai ya cire hula ya ce, "Ni na ce ku jira. Ku yafe mani." Wasu suka ce haba Alhaji, ƙaddara ce. Wasu suka karɓa kawai. Ya aika da kaso mafi yawa Sabuwa, aka dawo masa da shi a motar da ta kai. A shekarar gidansa rogo da tafasa suka ci har damina ta zagayo.

Tun daga nan bai ƙara gaya wa kowa lokacin shuka ba. In an tambaye shi sai ya ce, "Sama ta sake harshe, ni kuwa na tsufa da koyon sabon yare." Yana fita da safe yadda ya saba, ya tsaya, ya dawo, bakinsa a rufe.

Da zaman ƙauye ya gagara, kamar yadda ya gagari mutane da yawa a yankinmu, 'ya'yansa suka dawo da shi cikin gari. Gona ta yi masa nisa. Ni a lokacin ina koyar da labarin ƙasa a wata makarantar 'yan mata a Faskari, nakan leƙo shi ƙarshen mako. Wata Asabar na same shi a ƙofar gida, sai ya ce, "Malama, zauna. Ku da kuka yi boko, ku gaya mani gaskiya. Rana ce ta ƙara wuta?"

Na ce, "A'a, Kawu. Rana tana nan yadda ka san ta. Hayaƙin da duniya ke fitarwa ne ya taru a sama ya zama kamar bargo. Zafi na shigowa, fitarsa ke wuya."

"To, tekun fa?"

"Shi ke shanye mafi yawan zafin. Ya ɗumama. In ya ɗumama kuwa, iskar da ke tasowa daga kansa ba ta bin tsohuwar ƙa'ida. Wani lokaci ta kawo ruwan wata guda a kwana biyu, wani lokaci ta ƙi zuwa."

Na ciro waya na nuna masa hoton ƙarshen duniya, inda ƙanƙara ke shimfiɗe kamar ƙasa, da wani dutsenta da ya tsage ya rufta cikin ruwa. Ya karɓi wayar da yatsun nan nasa masu tauri, ya ce in sake kunna masa. Sau uku ya kalla. Na fara yi masa bayanin cewa farar ƙanƙara tana mayar da hasken rana sama, in ta narke kuma baƙin ruwan da ke ƙarƙashi ya fito ya riƙa shan zafi, sai ya ɗaga mini hannu.

"Wanga na san shi, ɗiyata. A ɗakin sanyi, in ƙanƙara ta fara zubar da ruwa, ruwan nata ne ke cinye sauran. Wadda ta yi datti kuma ta riga mai tsabta tafiya." Ya sake duban wayar. "Duk wannan ba mai rufe ta?"

Na ce, "Ta fi ƙarfin rufewa, Kawu."

Ya miƙo mini wayar. Na zaci zai ji sanyi a ransa, tun da ga shaida cewa ba iliminsa ne ya gaza ba, duniyar ce ta sauya a ƙarƙashinsa. Har na faɗa masa haka. Na ce, "Ka ga ashe waccan shekarar ba laifinka ba ne."

Ya dube ni da wani irin kallo. Ya ce, "Iska ta ruɗe ni, wannan gaskiya ne. Amma mutum ya ce mani ya tona ƙasa da hannunshi, ni kuwa na tsaya ina sauraren rigata." Daga nan ya tambaye ni labarin yara, ya rufe zancen.

Inna ta yi iya ƙoƙarinta a tsakaninsu. Ta je Sabuwa ba sau ɗaya ba. Ƙaramin Kawu zai karɓe ta da mutunci, ya yanka mata kaza, amma da ta ambaci yayansu sai ya ce, "Yaya, ci abincinki." Suna haɗuwa a jana'iza da ɗaurin aure, su yi musabaha kamar baƙi, kowa ya nemi gefensa. Shekara goma sha ɗaya ana haka.

Azumin bana ya faɗo cikin zafin da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Kwanon ɗaki in ka taɓa sai ya ƙona ka. Wutar lantarki ba ta zuwa. An yi ta roƙon Kawu ya ajiye azumi ya ciyar, ya ce bai taɓa sha ba tun balagarsa. A rana ta goma sha bakwai ya faɗi a hanyar masallaci. Aka kai shi asibiti aka ƙara masa ruwa, ya kwana biyu, likita ya ce ƙodarsa ta gaji, a mayar da shi gida a yi ta yi masa addu'a.

Inna ce ta kira Sabuwa. Ina kusa da ita. Ba ta yi gaisuwa ba, cewa kawai ta yi, "In kana da abin faɗi, ka taho yau." Ta kashe wayar.

Ya iso bayan azahar, rigarsa jiƙe da gumi, leɓɓansa sun bushe da azumi. Mun fito da Kawu rumfar tsakar gida saboda ɗakin ba ya zaunuwa, ina yi masa fifita. Ƙaramin Kawu ya tsaya daga nesa kamar wanda ya shigo gidan da bai sani ba. Sai ya matso ya ce mini, "Kawo," ya karɓi maficin, ya zauna a ƙasa wajen kan yayansa.

Ya daɗe yana fifita. Can Kawu ya buɗe ido.

"Auta ne?"

"Ni ne, Yaya."

"Ka sha hanya cikin wanga zafi."

"Ba komai."

Kawu ya ce, "Shanunka. Da hatsin shekarar nan. Ka yafe mani."

Maficin ya tsaya. Ƙaramin Kawu ya ce, "Yaya, ni ban taɓa riƙe ka da hatsi ba. Fari na Allah ne, ko mun shuka da wuri wa ya san abin da za mu samu? Dariyar ce. Gaban surukina, gaban ɗana. Har yau in na ɗauki sungumi sai na ji ta."

Hawaye ya gangaro ta gefen idon Kawu ya shiga kunnensa. Ya ce, "Na sani. Ita na kasa ɗaukowa a ka in kawo maka. To, ita ma ka yafe."

Ƙaramin Kawu ya ajiye maficin. Ya sunkuya ya ɗora goshinsa a kafaɗar yayansa, dattijo mai jikoki, kafaɗunsa na rawa. Muka ji yana cewa, "Na yafe, Yaya. Duniya da lahira. Ni ma ka yafe mani shekarun nan."

"Ba ka yi mani komai ba," in ji Kawu. "Ci gaba da fifitar, da daɗi."

Ya ci gaba. Aka kira la'asar bai tashi ba, ya ce zai yi daga baya. Shi ya riƙa laƙƙana masa kalmar shahada a hankali, yana yi yana fifita, Kawu na bi har muryarsa ta koma motsin leɓe. Inna ce ta fara ganewa. Ta dafa hannun ƙanenta ta ce, "Ya isa, auta." Bai ji ba, ko kuma ya ji ya ƙi. Sai da ta zare maficin daga hannunsa.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sanyaya makwancinsa, ya shayar da shi daga tafkin da ba a ƙishirwa bayansa. Mu kuma da muka rage a cikin wannan rana, Allah ya ba mu ikon neman gafarar juna tun muna iya tashi mu je da ƙafafunmu.